An Saka Ka a Kwamitin Makarantar Ƙauyenku? Ga Yadda Ake Aikin

Injin niƙa nake da shi a bakin hanya, daura da firamaren garinmu a ƙasar Zazzau. Daga inda nake tsayawa ina zuba hatsi ina hango ƙofar aji uku da rabin filin ƙwallo. Shi ya sa ranar da ake haɗa kwamitin makaranta mai unguwa ya ambaci sunana a matsayin wakilin masu sana'a, ya ce ai ni ko ba a sa ni ba gadin makarantar nake yi. Shekara bakwai na yi a ciki, uku daga ciki ina riƙe da ma'aji. Makon jiya ɗan ƙanwata ya kira ni daga ƙauyensu, ya ce, "Kawu, an saka ni a SBMC, kwamitin makaranta, wai me ake yi ne a ciki?" Ban kai ko'ina ba katinsa ya ƙare. Abin da ban samu na gaya masa ba shi ne wannan, da shi da duk wanda aka ɗora wa irin kayan nan.

Babu albashi, babu alawus. Na fara da wannan ne don na ga mutum biyu da suka shigo da zumuɗi, suka zauna zama ɗaya, da suka ga ko ruwan leda ba a raba ba, ba mu sake ganin ƙeyarsu ba.

Sai kuma ka san inda kujerarka take. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ake kira UBE, ita ta ce kowane yaro ya yi shekara tara yana karatu kyauta kuma dole, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A Abuja akwai UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, a Kaduna akwai SUBEB, takwararta ta jiha, a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 23 na jihar nan akwai sakataren ilimi wanda kowa ke ce wa ES, a ƙarƙashinsa kuma hedimastoci. SUBEB da ofishin ES ne masu ɗaukar malami, su tura shi, su biya shi, su hukunta shi in ya yi laifi. Ɗan kwamiti ba ya korar kowa, ba ya riƙe albashin kowa. Nasa shi ne ya gani da idonsa, ya faɗa inda za a ji, ya kuma tattara mutanen gari a kan abin da hannunsu zai iya. Kada ka haɗa shi da PTA, domin ita ta iyaye ce da malamai kawai. SBMC ta gari ce gaba ɗaya: akwai wakilin dagaci, wakilin malaman addini, mata, matasa, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a irina, wakilin malamai, har da yara biyu daga cikin ɗalibai, mace da namiji. A namu hedimasta ne sakatare. Waɗanda suka riga mu shiga sun samu horo a zamanin shirin ESSPIN da gwamnatin Birtaniya ta tallafa, wanda ya yi aiki a Kaduna, Kano, Jigawa, Kwara, Legas da Inugu, kuma ɗan littafin jagora da suka bari shi muka gada. Ka tambayi hedimastanku irinsa, galibi yana nan cikin kabad ya sha ƙura.

Ka nemi takardar sunayen 'yan kwamiti, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mu da muka bi tamu, mun tarar da sunan wani dattijo da ya rasu tun damina biyu da suka wuce, da wata mata da ba ta ma san an rubuta ta ba. Idan garinku akwai coci, a sa wakilinsu. Idan akwai ruga a kusa, a je a gaida arɗo a roƙe shi mutum ɗaya. Hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya ta ƙasa, da aka kafa a 1989, a nan Kaduna hedkwatarta take, amma ba kowace ruga ke da makarantarta ba, yaran namu ne.

Daga nan sai babban aikin, wato ƙirga. Ranar da na fara shiga makarantar da sunan kwamiti wata Talata ce cikin Nuwamba, ana tsakiyar kaka. Na yi sallama a ofis, muka gaisa da hedimasta, na roƙi ya nuna mini rajista. Yara 386 a rubuce. Na bi aji-aji ina ƙirga kawuna da yatsa kamar mai ƙirgar tumaki, na samu 171. 'Yan aji ɗaya cunkushe a ƙasa kan siminti da ya farfashe, wasu a kan buhu. Aji shida mutum 14, mata uku. Malamai bakwai ne a takarda, huɗu na gani. Na koma inji, na dawo bayan an fita tara, na sake ƙirgawa: kusan hamsin sun sulale ta bayan makaranta. Shekara nawa ina kallon makarantar nan daga tsallaken hanya, ashe ban san ta ba.

Don haka zuwa ɗaya ba ya isa. Ka je da sassafe kafin a shiga aji, ka je bayan tara, ka je ranar kasuwar da garinku ke ci. Ka je da damina lokacin noman farko, ka je da kaka lokacin roron wake da ɓarar masara, ka je da rani. Adadin da ke rajista ba lallai ƙarya ba ne. Lokacin da aka fara ciyar da 'yan firamare a jihar nan a Janairun 2016, yara sun yi ta tururuwa da 'yan kwanoninsu, aka rubuta su, da yawa kuma suna cin abinci sai su kama hanya. Sunayen suna nan. Abin da kake nema shi ne tazarar da ke tsakanin rajista da benci, da kuma lokacin da take faɗaɗa. Ba sai ka sanar da ranar zuwanka ba, amma kada ka taɓa wuce ofis ba ka gaisa ba, kuma kada ka faɗa aji malami na koyarwa sai ya ba ka izini.

Akwai wani gwaji da nake yi wanda ba ya cin ko kwabo. Idan ka tsaya a taga za ka ji aji na rera karatu baki ɗaya, har ka ji daɗi. Ka roƙi malami ya ba ka yaro ɗaya ɗan aji huɗu, ku zauna ƙarƙashin bishiya, ka buɗe littafin Hausa, ka ɗora yatsa a kan kalma a tsakiyar layi, ka ce ya karanta. Yaro na farko da na gwada ya kalli yatsana, ya kalle ni, sai ya koma farkon shafi ya fara rerawa da ka. Kada ka tsawata masa, kada kuma ka juya ka harari malaminsa. Ka gwada biyar, ka rubuta nawa suka iya.

Ka rubuta, na ce. Ka sayi littafi mai kaurin bango, ka ware shi don wannan aikin kaɗai. Nawa a cikin leda nake ajiye shi saboda garin niƙa. Kwanan wata, ƙarfe nawa, yara nawa, malamai nawa, me ya lalace. In bokonka bai yi ƙarfi ba ka rubuta da ajami, wakilin limaminmu haka yake yi, kuma nasa ya fi nawa tsari. A taron gari kowa na iya cewa "malamai ba sa zuwa", a yi ta musu har la'asar. Amma in ka buɗe littafi ka ce ranar kaza da ranar kaza da ranar kaza aji biyar ba malami, sai ka ji wurin ya yi tsit.

A nan zan faɗi wautar da na tafka, don kada ka maimaita. Akwai wani malamin lissafi da ke yawan makara. Wata safiya cikin Agusta ya iso wajen ƙarfe goma a kan babur, ƙafar wandonsa duk taɓo, ni kuma ina tsaye a fili, sabon ɗan kwamiti, kai na rawa. Na ɗaga murya na ce, "Malam, yanzu ne safiyarka?" Yara suka fashe da dariya. Bai ce mini uffan ba, ya jingine babur ya shiga aji. Da aka tashi hedimasta ya tsallako inji, ya jira na kashe, ya ce, "Mai inji, ka san daga ina yake tasowa? Daga Zariya. In an yi ruwan dare sai ya tsaya bakin rafi ya jira ruwa ya janye." Ban yi barcin kirki ba ranar. Na je na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma kafin ƙarshen shekara ya nemi canjin wurin aiki, muka yi zango biyu ba mai koyar da lissafi. Tun daga nan, duk abin da na gani game da malami, hedimasta nake kai wa, mu biyu, da kwanan wata. In ya ci tura a kawo shi zaman kwamiti. In ya fi ƙarfin zama, sannan a rubuta wa ES. Gaban yara kuwa, ko mai gadi ba na yi wa gyara.

Wannan ya koya mana abin da ya fi tsawa amfani, wato ɗaki. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta sallami sama da dubu ashirin da ɗaya da ta ce sun faɗi, ta ɗauki sababbi. Gardamar daidai ne ko ba daidai ba har yau ana yin ta a bakin injina, ba zan shiga ba. Abin da ya shafe mu shi ne waɗanda aka turo mana yaran birni ne, kuɗin mota kaɗai zai cinye rabin albashinsu. Muka je wurin dagaci, shugabanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙi aka turo mana, ba su da masauki." Ya ba da shago biyu a jikin gidan ƙaninsa. Matasa suka yi yaɓe, na sayi kwaɗo da tabarma, mata suka yi karɓa-karɓar abinci na makon farko, da kaka kuma aka haɗa musu masara. Ɗaya ya tafi duk da haka. Ɗayan yana nan, har ya yi aure a garin.

Maganar yaran da ba sa zuwa kuwa, kada ka fara da doka. Gaskiya ne dokar UBE ta tanadi gargaɗi, tara, har da ɗauri ga uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta, amma ranar da ka ambaci kotu a ƙofar gidan maƙwabcinka, ranar ka gama aiki. Ka fara da gidanka da sana'arka. Ni sai da na ƙirga na gane cewa rabin 'yan matan da ba sa aji da safe a layin injina suke, da ƙwaryar niƙa a ka. Na kafa doka: ba na karɓar niƙa daga hannun yaro ɗan makaranta sai an tashi. Mako biyu ina shan zagi ta kan katanga, wasu suka koma wani injin a unguwar gabas, har sai da na je muka daidaita da mai shi ya bi sahu. Daga baya matan da kansu suka koma aiko niƙa da yamma.

Sauran aikin na mata ne, kuma in kwamitinku ya mayar da su 'yan cika lissafi kun yi asara. Ni ba ni da ikon wuce zauren kowa. Wakiliyarmu, tsohuwar ungozoma da duk garin ke ce wa Inna, babu ɗakin da ba ta shiga. Ita ta zo mana da zancen da mu maza ba mu taɓa kawowa ba: uwa ba ƙin boko take ba, da kuɗin tallan nan take tara kayan ɗakin yarinyar. Sai aka yi sulhu a kan talla bayan an tashi, aka kuma roƙi masu gonakin tumatur da barkono su daina ɗaukar yara tsinka da safe. A gaban dagaci da liman mata ba sa sakin baki, don haka ku bar su su yi zamansu daban, Inna ta kawo saƙo. Haka yaran nan biyu da ke cikin kwamiti. Shekara guda shugabar ɗalibai tana zama da mu kanta a sunkuye, ba ta taɓa cewa komai ba. Da aka sa wata malama ta zauna da ita, sai ga shi: masan makaranta ba ƙofa, manyan 'yan mata gida suke tafiya in sun matsu, in sun tafi kuma ba sa dawowa. Mu muna can muna ta shawarar fenti.

Ka kuma riƙa lissafin kwanaki. Lokacin da aka mayar da makarantun gwamnati kwana huɗu a mako a farkon 2022, mu da kasuwa ke cinye mana rana ɗaya sai muka ga saura uku. Hujjar da muka kai wa iyaye ke nan, kuma ta fi wa'azi shiga.

Yanzu kuɗi. Wani lokaci tallafi kan shigo kai tsaye asusun kwamiti a banki, irin na gyaran makaranta daga UBEC, ko na shirye-shiryen Bankin Duniya kamar AGILE na karatun 'yan mata a sakandare. Ranar da kuɗi ya shigo, ranar za ka ga 'yan kwamitin da ka manta da kamanninsu. Kafin ya shigo ku riga ku rubuta tsarin raya makaranta: ku zaɓi abu uku kacal, ku raba su, wanne gari zai iya da aikin gayya, wanne sai ES, wanne sai SUBEB. Kada ka sa hannu a cek ɗin da ba a cike ba, ko wa ya kawo, ko da cewa aka yi sauri ake. Kowane ƙusa da rasit. Bayan an gama a karanta lissafin a ƙofar masallaci bayan Juma'a, a kuma manna shi a bangon ofis. In ba ku karanta ba, naira dubu ɗari za ta zama miliyan a bakin mai shayi, kuma sunanka za a kira.

Mun ƙone hannu a kan benci. Muka ba wani kafinta aikin guda arba'in saboda ɗan gari ne kuma surukin ɗayanmu, muka biya shi duka a gaba don kunya. Ya yi su da ɗanyen katakon malaina. Da ya kawo suna sheƙi, har muka ɗauki hoto. Hunturu na kamawa katakon ya bushe, ya karkace, ƙusoshi suka fito suna yaga wa yara riguna, kafin damina rabi sun zama itacen girki. Ba wanda ya iya tunkarar sa, saboda surukuta. Yanzu sai mun ji farashi daga mutum uku, a yi guda ɗaya mu gani, in hau kai in girgiza, sannan a biya kashi uku: na fara aiki, na tsakiya, na ƙarshe bayan an ƙirga. Gyaran kwano kuma a yi shi a Fabrairu ko Maris. Iskar farkon damina ba ta jiran a gama shawara, kwano ɗaya da ya ɗaga baki shi zai ja rufin gaba ɗaya.

Kada ku yanka wa iyaye haraji, kada kuma a kori yaro don ubansa bai bayar ba, karatun kyauta ne a doka. Gudummawa daban ce. Da kaka mukan zagaya da buhu, mai tiya ɗaya ya ba da, mai kwano goma ya ba da, a sayar a sayi alli da rajista.

Takarda zuwa ofishin ES ita ma da yadda ake yin ta. Shafi ɗaya, magana ɗaya. Kada ka haɗa malami da famfo da katanga a wuri guda, za a karanta na farko a manta sauran. Ka sa adadi daga littafinka: tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, mu aji ɗaya yara kaza ne a hannun mutum guda. Shugaba da sakatare su sa hannu, dagaci ya buga hatimi. Ku yi kwafi, ku je ku biyu, ku roƙi a buga muku tambarin karɓa a kan kwafin. "Yallaɓai, mun zo bin sawun takardarmu ta ranar kaza" ya fi "mun zo da kuka" buɗe ƙofa. Bayan mako biyu ku koma, bayan wasu biyun ku sake komawa. Takardar famfonmu sau biyar na bi ta, har masinjan ofis ya riƙa ce mini Mai Famfo.

Filin makaranta ka sa masa ido tun yanzu. Maƙwabcin gona kunya ɗaya yake ƙarawa kowace damina, a shekara goma ya cinye filin ƙwallo. Ku tara dattawan da suka san iyaka tun suna raye, a zagaya da dagaci, a rubuta, a dasa darbejiya a jere.

Tun abin da ya faru a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun a Maris na 2024, da aka kwashe ɗalibai daga cikin makaranta da safe, babu kwamitin da zai ce tsaro ba ruwansa. Ku sare ciyawar bayan azuzuwa, ku haɗa hedimasta da 'yan sintiri da ofishin 'yan sanda mafi kusa ta lambar waya, ku yarda a kan wa zai ce a sallami yara in an ji ƙishin-ƙishin, da gidajen da za su shiga. Wannan shirin ba na Facebook ba ne.

'Yan siyasa za su zo, musamman in zaɓe ya matso. Duk wanda ya kawo alli ko buhun siminti ku karɓa, ku yi godiya, ku rubuta. Fosta dai ba a bangon aji ba.

Da wa'adina ya cika na miƙa littattafai uku da takardun banki ga sabon ma'aji a gaban dagaci da hedimasta, aka ƙirga abin da ya rage, kowa ya sa hannu. Na ce ya buɗe shafin ƙarshe ya karanta da ƙarfi. Ƙofar masan 'yan mata ce, wadda muka sa, iska ta sake ɓalle ta, kafinta ya ce sai ranar kasuwa zai samo fata.